Adadi a Cikin Hatimi: Waiwaye Kan Muhammadu al-Kashinawi da Ilmin Hisabi a Ƙasar Hausa

Ga wata lamba, mai karatu ya gwada faɗinta da baki kafin ya ci gaba: 275,305,224. Miliyan ɗari biyu da saba'in da biyar ke nan, da dubu ɗari uku da biyar, da ɗari biyu da ashirin da huɗu. Wannan lamba amsa ce ta wata tambaya da ta shafi abin da kowane Bahaushe ya taɓa gani, ko a kan allo, ko a jikin takardar laya, watau hatimi. Idan aka zana hatimi mai gida biyar a tsaye biyar a kwance, aka zuba masa lambobi daga 1 zuwa 25, kowace lamba sau ɗaya, ta hanya nawa za a iya jera su har kowane layi, na kwance da na tsaye da biyun nan masu ratsawa daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ba da jimla iri ɗaya, watau 65? Wani Ba'amurke mai suna Richard Schroeppel shi ya ƙirga su da kwamfuta a shekarar 1973, ya sami wannan adadi, idan ba a ƙirga juyin hatimi ɗaya ko kifinsa a matsayin sabo ba. Da wani malami zai zauna yana zana ɗaya a kowane minti, ba barci ba hutu, da sai ya shekara fiye da 520 bai ga ƙarshensu ba.

Dalilin kawo wannan lamba shi ne, shekara 240 kafin Schroeppel, wani malami mutumin Katsina ya rubuta littafi a kan yadda ake gina irin waɗannan hatimai bisa ƙa'ida, ba da lalube ba. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Masu nazarin tarihin lissafi a ƙasashen waje sun san shi, suna kuma ambatonsa. Amma ɗalibin da ya taso a Potiskum ko Azare ko Gashuwa, ya yi lissafi tun daga firamare har jami'a, da wuya ya ji sunansa ko sau ɗaya a cikin aji. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, sanin ɗabi'un adadi da rarraba shi gida-gida tsohon ilmi ne a ƙasar nan, kuma idan mun kasa ganinsa, to, rigar da ya sanya ce ta ɓatar da mu.

Ƙidayar wuri

Kafin a zo kan malamai, ya kamata a fara da kasuwa, domin a nan Bahaushe ya fara karo da babban adadi. Kuɗin ƙasar Hausa a ƙarni na 18 da na 19 wuri ne, wanda asalinsa daga tsibiran Tekun Indiya ake kawo shi, kuma wuri abu ne mai araha ƙwarai, don haka ko ƙaramin ciniki sai ya kai dubbai. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarimu, ya iso Tasawa a farkon 1851, ya tarar da wani attajiri da mataimakansa suna fama da ƙirga wuri 500,000. Ya bayyana yadda ake yi: ana jan wuri biyar-biyar da yatsu, a tara tsibi na 200 ko na 1,000, sannan a ɗura a jakar kaba mai cin 20,000, wadda Hausawa ke kira keso. Wanda aka biya kuwa ba ya yarda da bakin jaka, sai ya zazzage ya sake ƙirgawa da kansa. Da Barth ya isa Kano a wannan shekara, ya tarar ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500, ya kuma kimanta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300.

Ke nan lambar tamu ba ta kai cinikin tufafin Kano na shekara guda ba. Da a wuri take, da fatake sun ce keso 13,765 ne da ragowar wuri 5,224, su wuce wurin.

Irin wannan aiki shi ya wadata harshen da kalmomin ƙidaya. Akwai hauya da zangu, akwai metan da arbaminya da hamsaminya da alif da alfin waɗanda aka aro daga Larabci, akwai kuma zambar, wadda da ita ake hawa sama: zambar goma, zambar ɗari, har zambar dubu, watau abin da yau muke kira miliyan. Akwai ƙidayar ragi, irin su ashirin ba ɗaya da ɗari gaira biyu. A gabas kuwa, a Barno, lissafin gabaga da ratali aka saba da shi, wuri bai zama kuɗin kasuwar Kukawa ba sai a zamanin Shehu Umar, cikin shekarun 1840. Mutanen ƙasar Fika da Potiskum, da ke zaune a tsakanin Hausa da Barno, sun kasance a bakin iyakar lissafi biyu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar shanun Potiskum ya ga dillali yana haɗa miliyoyi da ka, ba biro ba takarda, ya san wannan gado bai mutu ba.

Sai dai ɗan kasuwa yawan adadi ne damuwarsa. Tambayar da ta fi wannan zurfi, watau wane irin adadi ne wannan, mene ne halinsa, da wa yake da dangantaka, ita ce ta malaman hisabi.

Cika da mara, da abin da ke bayansu

Yaran Hausawa sun san rabon farko tun a wasan cika ko mara: adadin da ya rabu biyu daidai cika ne, wanda ya bar ɗaya mara ne. Malami a zaure zai ce zauji da fardi. Amma littattafan hisabi na Larabci, waɗanda suka gaji abin daga Yunanawa tun lokacin da Sabit ibn Ƙurra (ya rasu a 901) ya fassara littafin Nikomakus a Bagadaza, ba su tsaya nan ba. Sun kasa cika kashi uku. Akwai wanda za a yi ta raba shi biyu har a dire kan ɗaya, kamar 16 da 64, shi ne zaujuz zauji. Akwai wanda daga rabawar farko sai a faɗa kan mara, kamar 6 da 10, shi ne zaujul fardi. Akwai kuma na tsakiya, wanda yake rabuwa fiye da sau ɗaya amma ya cije kafin a kai ɗaya, kamar 12 da 24. Shi ma mara an kasa shi: wanda babu mai raba shi sai ɗaya da shi kansa, kamar 7 da 11 da 13, ana ce masa awwal, wanda kuwa aka gina shi daga wasu, kamar 9 da 15, ana ce masa murakkabi.

Akwai wani rabon da ya fi wannan ban sha'awa. A ɗauki adadi, a tattara duk ƙananan lambobin da ke raba shi ba saura, a haɗa su. Idan jimlar ta dawo daidai da shi, kammalalle ne, kamar 6 (1 da 2 da 3) da 28 (1 da 2 da 4 da 7 da 14). Na gaba su ne 496 da 8,128. Idan jimlar ta gaza, kamar 8 da sassanta suka tsaya a 7, mai giɓi ne. Idan ta zarce, kamar 12 da sassanta suka kai 16, mai rara ne. Sannan ga waɗanda aka yi wa laƙabi da masoya: sassan 220 suna ba da 284, sassan 284 kuma suna ba da 220. Ibn Khaldun ya ambaci waɗannan biyu a Muƙaddima, ya ce masu ɗalasimai na amfani da su wajen neman haɗa ƙauna. Amma shi Sabit ƙa'idar gano su ya fitar, kuma da ita aka kai ga 17,296 da 18,416, waɗanda malaman Musulmi suka sani tun farkon ƙarni na 14, kafin Bafaranshe Fermat ya sake gano su a 1636.

To, a kawo lambar tamu gaban wannan alƙalanci. Cika ce. Rabinta 137,652,612, rabin wannan 68,826,306, rabin wannan kuma 34,413,153, wanda mara ne, nan ta cije. Ta faɗa kashi na uku ke nan. Uku ma tana raba ta, domin sulusinta 91,768,408 ne. Shin mai rara ce ko mai giɓi? Ba sai an nemo dukkan sassanta ba. A haɗa rabinta da sulusinta da rubu'inta kawai, sai a sami 298,247,326, tuni sun wuce uwarsu. Mai rara ce.

Wanda ya karanta babin gado a Risala zai yi murmushi a nan, don ya san wannan lissafi. Idan mamaci ya bar mata da uwa da 'yar'uwa shaƙiƙiya guda, mata na da rubu'i, uwa na da sulusi, 'yar'uwa na da rabi. A kan asalin 12, kason su ya zama 3 da 4 da 6, jimla 13, rabo ya fi dukiya, sai a yi auli a mayar da asalin 13. Dalilin da ya sa mas'alar ta yi auli shi ne dalilin da ya sa lambar tamu ta zama mai rara. Kuma da yake 24 na raba ta ba saura (24 sau 11,471,051), dukiya ce da mai rabon gado zai so, don sumuni da sudusi duk za su fita ba tare da an fasa ko wuri ɗaya ba. A ganina ta wannan ƙofa, ƙofar gado da zakka da lissafin watanni, ilmin adadi ya zauna daram a zaurukanmu, ko da ba a kira shi da sunan fanni mai zaman kansa ba.

Malamin Katsina

Katsinar da Muhammadu al-Kashinawi ya tashi a cikinta, a ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, birni ne na fatauci da karatu, wanda bai daɗe da rabuwa da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ba. Bai tsaya ga malaman gida ba, ya nufi gabas. Cikin malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu akwai Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagarmi, mai littafin tauhidin nan al-Manhaj al-Farid. Wajen 1730 ya yi aikin hajji, daga nan ya zauna a Alƙahira. A shekarar 1145 ta Hijira, wadda ta faɗo tsakanin 1732 da 1733, ya kammala Bahjat al-Afaƙ, littafinsa a kan ilmin haruffa da wafaƙi. Bayansa kaɗan ya kammala al-Durr al-Manzum, a kan taurari da ɗalasimai, wanda daga baya aka buga shi a Masar.

Ilmin haruffa ya ginu ne a kan hisabin abajada, inda kowane harafi ke da adadinsa. Mu a nan tsarin Magariba muka bi, wanda a cikinsa shinun ke tsaye a matsayin 1,000, saɓanin na gabas da ya ba gainun wannan matsayi. Shi ya sa ramzin da malaman Sakkwato ke rufe waƙoƙinsu da shi, don nuna shekarar da aka yi waƙa, yakan ƙunshi shinun da ra, watau 1,200, sannan a cike sauran. Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kan bayanin al-Kashinawi game da wannan fanni na ramzi tun 1967. Bayan haka Claudia Zaslavsky ta ba shi fili a littafinta Africa Counts na 1973, bisa wani kwafen Bahjat al-Afaƙ da ke ajiye a Landan, kuma ta nan ne akasarin mutanen waje suka san shi.

Hatimin da aka fi sani shi ne mai gida tara, wanda ake jingina wa Imam Gazali: 4 da 9 da 2 a sama, 3 da 5 da 7 a tsakiya, 8 da 1 da 6 a ƙasa, ko'ina 15. Wannan guda ɗaya ne tak. Ana iya juya shi ko a kifa shi ya ba da fuska takwas, amma shi ne dai. Mai gida huɗu-huɗu, wanda jimlarsa 34, iri 880 ne, kamar yadda aka buga a Faransa a 1693 daga aikin Frenicle. Daga 880 sai tsalle zuwa 275,305,224. Wanda ke son gina hatimi babba, mai jimla 175 ko 369 ko 671, ba zai dogara da haddar abin da ya gani a wurin malaminsa ba. Dole ya sami hanya, kuma hanyar ta danganta da ɗabi'ar adadin gidajen. Na mara hanyarsa daban, na cikan da huɗu ke rabawa daban, na cikan da huɗu ba ta rabawa, irin 6 da 10, shi ne mai taurin kai. A nan rabe-raben da muka gani a baya suka zama kayan aiki.

An fi sanin al-Kashinawi da hanyoyin gina hatimin mara, musamman waɗanda ake bi da tafiyar doki, irin ta wasan shaɗaranji, wanda a fadar Barno ake kira tsatsarandi. Ga misali guda daga wannan dangi na hanyoyi, mai karatu ya ɗauki takarda. A sa 1 a kusurwar sama ta hagu. Daga kowace lamba a sauka gida biyu, a gusa gida ɗaya dama, a ajiye ta gaba. Idan tafiya ta fita ta ƙasa a shigo ta sama, idan ta fita ta dama a shigo ta hagu, kamar dai an naɗe takardar bakinta ya haɗu. Duk lokacin da aka cika biyar, watau bayan 5 da 10 da 15 da 20, za a tarar gidan gaba da mai shi, sai a sa lamba ta gaba a gidan da ke bisa kan wadda aka ajiye. Abin da zai fito shi ne:

1 14 22 10 18
25 8 16 4 12
19 2 15 23 6
13 21 9 17 5
7 20 3 11 24

Ko ta ina aka bi, 65 ne. Wannan hanya tana aiki a kan 7 da 11 da 13 ba tare da an sauya komai ba. Amma a gwada ta a kan 9, sai layukan kwance su watse, domin 3 tana raba 9. Ga mara, ga mara, amma halinsu ya bambanta, kuma wanda bai san abin da ke cikin adadi ba ba zai san dalili ba. Ita kuwa dabarar fita ta ƙasa a shigo ta sama, ita ce lissafin zagaye, irin na agogo da ranakun mako, wanda Bajamushe Gauss ya tsara ƙa'idojinsa a 1801, kuma a kansa, tare da manyan lambobin awwal, aka gina tsarin RSA na 1977 da ire-irensa masu tsare sirrin hada-hadar kuɗi ta intanet. Ba ana cewa daga Katsina abin ya tafi can ba ne. Ana cewa ne tunanin iri ɗaya ne, kuma mutumin Katsina ya yi shi da tawada da alƙalamin kara.

Hisabi ko tsibbu?

Ga inda gizo ke saƙa. Da yawa daga cikinmu, da zarar sun ga hatimi, sai su kau da kai su ce tsibbu ne. Ba za a ce ba su da hujja ba, domin shi kansa al-Kashinawi bai raba lissafinsa da asirin haruffa da sa'o'in taurari ba, kuma malamai tun daga Ibn Khaldun har zuwa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun yi kashedi a kan sihiri da duba. Wannan hukunci na malaman shari'a ne, ba a nan za a yanke shi ba. Amma tarihi ya nuna cewa lissafin ya tsaya da ƙafarsa ba tare da layar ba. Abul Wafa al-Buzjani, a ƙarni na 10, ya rubuta risala a kan wafaƙi a matsayin hisabi tsantsa. Daga baya, musamman ta hanyar littattafan da ake jingina wa Ahmad al-Buni na ƙarni na 13, irin su Shamsul Ma'arif, hatimi ya ƙara yaɗuwa a matsayin abin rataye a wuya. Jimlar 65 kuwa ba ruwanta da niyyar mai zane. Ko don neman kasuwa aka zana, ko don jarrabawa, 65 ce.

Abin da ya fi cutar da wannan ilmi, a nawa ra'ayi, shi ne sirri. Al-Kashinawi da kansa ya hori ɗalibi da ya yi aikin a ɓoye, kada ya baza shi ga kowa, kamar yadda ya hore shi da naci da rashin karaya. Naci ya yi daidai. Amma ilmin da ake rufewa a gafaka, a ba ɗa ɗaya ko almajiri ɗaya, ba ya samun mai ƙalubalantarsa, balle mai ƙara masa. A daidai wannan ƙarni, Euler yana buga nasa binciken a mujallun Berlin da Petersburg, kowa na karantawa yana gyarawa, har ya ƙara kusan 60 a kan ma'auratan lambobin masoya da aka sani. A wajenmu kuwa sai hanyar gini ta ɓace wa da yawa, aka bar kwafen hatimi kawai, mai kwafa na kwafa daga mai kwafa, har a wayi gari lamba ta zame daga gidanta ba wanda ya lura, don ba wanda ya tsaya ya haɗa jimla. Da boko ya zo da nasa lissafin, bai tarar da wanda zai tsaya ya ce masa mu ma muna da wannan ba, sai aka raba gari: lissafi na makaranta, hatimi na malamin tsibbu.

Tambayoyin da waɗancan malamai suka gada kuwa har yanzu ba su ƙare ba. A 2024 aka gano wani adadi awwal mai gurbi 41,024,320, wanda ya kawo yawan kammalallun lambobin da aka sani zuwa 52, dukkansu cika. Ko akwai kammalalle mara, tambaya ce da ta haura shekara dubu biyu tana jiran amsa. Yawan hatimai masu gida shida-shida kuma lamba ce mai gurbi 20.

Al-Kashinawi bai komo Katsina ba. A Alƙahira ya sauka a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, masanin falaki da hisabi, wanda ya ɗauki ilmin wafaƙi daga gare shi. A wannan gida ya rasu a shekarar 1154 ta Hijira, daidai da 1741, ya bar wasiyyar littattafansa a hannun mai masaukinsa, shi kuma ya yi masa sutura. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, ba a haife shi ba sai bayan fiye da shekara goma, amma ya tashi ya tarar da labarin baƙon a gidansu. Da ya zo rubuta babban tarihinsa na Masar, Aja'ib al-Asar, sai ya sa Bakatsinen a cikin jerin manyan malaman da suka rasu a wancan zamani, ya kawo sunayen malamansa na ƙasar Sudan da na littattafansa.